Awon Mai Awo: Nazari a kan Wallafa da Ambato a Fannin Ɗabi'ar Lissafin Gudanarwa, da Matsayin Ƙasar Damargu

1.0 Gabatarwa

A jami'o'in wannan zamani, idan aka tashi duba darajar malami domin a ƙara masa girma ko a ba shi kuɗin bincike, abu biyu ake fara nema: yawan abin da ya wallafa, da yawan waɗanda suka kafa hujja da abin da ya wallafa. Wannan nazari zai duba ma'aunan nan biyu a cikin fanni guda, wato reshen ilimin akanta da ke bincikar yadda lissafi yake juya halin ma'aikata. Mun zaɓi fannin ne domin shi ne ya shafe shekara sama da 70 yana nuna cewa duk wanda aka auna da lamba, lambar takan sauya yadda yake aiki. Ke nan abin da masanansa suka gano a masana'antu ya isa ya zama fitilar da za a haska yadda su kansu ake auna su. Za mu fara da ma'anar kalmomi, mu bi sawun abin da fannin ya gano, mu rarrabe nau'o'in wallafa da na ambato, sannan mu gwada duka a kan ƙasar Damargu, wato gundumomin Tanut da Belbeji na jihar Damagaram a Jamhuriyar Nijar, inda aikin lissafi yake da yawa amma rubutu a kansa bai kai yawan aikin ba.

2.0 Ma'anar Muhimman Kalmomi

Ilimin akanta ya kasu gida biyu manya. Na farko shi ne lissafin da ake shirya wa mutanen waje, kamar masu hannun jari da banki da ofishin haraji, kuma doka ce take tsara siffarsa. A Nijar, tsarin da ake bi shi ne SYSCOHADA, na ƙungiyar OHADA wadda aka kafa da yarjejeniyar 1993, kuma sabon fasalinsa ya fara aiki ranar 1 ga Janairu, 2018. Na biyu shi ne lissafin gudanarwa, wanda ɗaliban Nijar suka fi sani da sunansa na Faransanci, contrôle de gestion. Wannan lissafi ne na cikin gida, wanda shugaba yake amfani da shi wajen tsara kasafi, da sanin abin da kowane kaya ya ci kafin a sayar, da raba wa kowane sashe abin da ake so ya cimma, da kuma duba ko ya cimma. Kasafi kuwa shi ne ƙiyasin abin da za a samu da abin da za a kashe a wani ƙayyadadden lokaci. Idan muka ce nazarin ɗabi'a a lissafin gudanarwa, muna nufin binciken da ke tambayar abin da waɗannan lambobi suke haifarwa a zuciyar ma'aikaci da aikinsa: ko suna zaburar da shi, ko suna tsorata shi, ko suna koya masa ɓoye gaskiya.

Sauran kalmomin sun shafi malamin jami'a. Jerin wallafa shi ne dukkan abin da malami ya fitar na ilimi tun daga kundin digirinsa, a jere bisa shekaru. Maƙala ita ce rubutun bincike da ake bugawa a mujallar ilimi, kuma mujalla takan amsa wannan suna ne idan tana bin tantancewar takwarori, wato a miƙa rubutun ga masana biyu ko uku na fannin su duba shi kafin a buga, galibi ba tare da sun san mai shi ba. Ambato shi ne wani marubuci ya kawo sunan aikin wani a cikin nasa, ya sa shi cikin manazartarsa. Tasirin ambato kuma shi ne ƙiyasin da ake yi wa nauyin malami ko mujalla ta hanyar ƙirga waɗannan ambatoci. A lura cewa ambato abu ne da ake iya ƙirgawa, shi kuwa tasiri hukunci ne da ake yankewa daga ƙirgar. Tazarar da ke tsakanin biyun ita ce jigon wannan nazari.

3.0 Abin da Fannin ya Gano

Akasarin masana suna ɗora harsashin fannin a kan binciken da Chris Argyris ya wallafa a Amurka a 1952, game da tasirin kasafi a kan mutane. Ya zauna da shugabannin leburori a masana'antu, ya tarar suna kallon kasafi a matsayin bulala, kuma gaba ta shiga tsakaninsu da ma'aikatan ofishin lissafi, domin nasarar waɗannan tana bayyana ne idan sun kamo kuskuren waɗancan. A 1956 V. F. Ridgway ya tattaro shaidu a kan illar da ma'aunan aiki suke jawowa, ya nuna cewa ko an auna abu guda ko an auna abubuwa da dama, ma'aikaci yakan karkata ga abin da ake ƙirgawa ya yi sakaci da wanda ba a ƙirgawa. A 1967 Geert Hofstede ya yi nazarin masana'antun ƙasar Holan, ya ga cewa kasafi mai ɗan tsauri yana ƙara ƙwazo, amma idan tsaurin ya wuce abin da mutum yake ganin zai iya, sai ya saki aikin gaba ɗaya. Daga nan Schiff da Lewin, a 1970, suka bayyana ɓoyayyiyar rara, wato dabarar da shugaban sashe yake yi ta kumbura ƙiyasin kashewa ko ya rage ƙiyasin samu, domin ya sauƙaƙa wa kansa cika alkawari.

Binciken da ya fi kowanne amfani ga maganarmu shi ne na Anthony Hopwood, wanda ya fito a 1972. Ya duba yadda manya suke amfani da lissafi wajen auna na ƙasa da su a wani babban kamfani na Amurka, ya fitar da salo uku. Salo na farko shi ne na ɗaure wa kasafi gindi, inda ba a tambayar komai sai ko mutum ya cika lambar wannan wata. Na biyu shi ne na hangen riba, inda ake duba lambar amma a haɗa ta da dalilai da amfanin da aikin zai kawo nan gaba. Na uku shi ne wanda lissafi ba ya da wani babban matsayi a cikin hukuncinsa. Hopwood ya tarar cewa salo na farko yana tafiya da damuwa a wurin aiki, da lalacewar zumunci tsakanin abokan aiki, da murɗa lambobi, kamar ɗora kuɗin wani sashe a kan wani. A 1978 David Otley ya maimaita binciken a wani kamfani na Ingila wanda sassansa ba su dogara da juna sosai ba, bai kuwa sami wannan illa ba. Saɓanin nan bai rushe fannin ba, ya ma ƙara masa zurfi, domin ya koyar da cewa ingancin ma'auni yana rataye ne da yanayin wurin da ake awon. Darussa uku ke nan za mu riƙe: ma'auni yana juya hali, illarsa tana fitowa ne daga salon amfani da shi, kuma abin da ya dace da wani wuri yana iya cutar da wani.

4.0 Nau'o'in Wallafa

Jerin wallafar malami a wannan fanni yakan ƙunshi nau'i biyar, kuma kowanne da irin masu karatunsa. Na farko shi ne maƙala a manyan mujallun duniya, irin su The Accounting Review da aka fara a 1926, da Journal of Accounting Research ta 1963, da Accounting, Organizations and Society wadda Hopwood ya kafa a 1976 domin a samar wa irin wannan bincike gida. Na biyu shi ne maƙala a mujallun da suka keɓanta ga reshen, kamar Behavioral Research in Accounting ta 1989 da Management Accounting Research ta 1990, sai kuma Comptabilité Contrôle Audit ta 1995 ga masu rubutu da Faransanci. Na uku shi ne mujallun jami'o'i da na ƙungiyoyin ƙwararru na cikin ƙasa, waɗanda su ne malaman Zariya da Kano da Yamai suka fi samun damar bugawa a ciki. Na huɗu shi ne littafi ko babi a littafi. Na biyar shi ne rahoton da malami yake rubuta wa hukuma ko ƙungiyar manoma ko masu ba da agaji, wanda sau da yawa shi ne ya fi saurin sauya yadda ake aiki, kuma shi ne ba ya shiga kowace ƙirga. Duk wanda ya tara nau'o'in nan biyar ya fitar da jimla ɗaya, ya haɗa abubuwan da manufarsu ta bambanta.

5.0 Ma'aunan Ambato da Yadda Suke Aiki

Tunanin ƙirga ambato ya fito ne daga Eugene Garfield, wanda ya gabatar da shi a 1955, ya kuma fitar da fihirisarsa ta ambaton kimiyya a 1964. Manufarsa ta farko ita ce taimaka wa mai bincike ya gano waɗanda suka ɗora a kan wani aiki. Daga baya ne ƙirgar ta zama abin auna mutane. A yau rumbuna uku ake komawa gare su, kuma rumbu a nan yana nufin taskar kwamfuta da ke tara maƙalu da manazartarsu. Web of Science shi ne magajin aikin Garfield, kuma ya fi tsananta zaɓen mujallu. Scopus, na kamfanin Elsevier, ya fito a 2004, ya ɗan fi faɗi. Google Scholar, wanda shi ma ya fito a 2004, yana kwasar kusan duk abin da ya tarar a intanet mai kama da rubutun ilimi, har da kundayen ɗalibai. Saboda haka malami ɗaya yakan sami lambobi uku mabambanta, kuma lambar da ba a faɗi rumbunta ba ba ta da wata ma'ana.

Daga waɗannan rumbuna ake fitar da ma'aunai uku. Na farko shi ne jimlar ambato, wadda ba ta buƙatar bayani. Na biyu shi ne ma'aunin tasirin mujalla: a ɗauki ambatocin da aka yi a shekara guda ga maƙalun da mujallar ta buga a shekaru biyu da suka gabata, a raba da yawan maƙalun. Mujallar da ta buga maƙala 100 a cikin shekara biyu, aka ambace su sau 250 a shekara ta uku, ma'auninta 2.5 ne. Wannan matsakaici ne na mujalla, kuma sananne ne cewa maƙalu kaɗan ne suke kwashe mafi yawan ambaton, don haka ba ya faɗin darajar kowace maƙala ita kaɗai. Na uku shi ne ma'aunin h, wanda masanin fiziya Jorge Hirsch ya ƙirƙiro a 2005. Malami yana da h na 5 idan yana da maƙalu 5 da aka ambaci kowacce aƙalla sau 5. A ƙaddara malami yana da maƙalu goma da aka ambata sau 40, 22, 15, 9, 6, 4, 3, 1, 0 da 0. Ma'auninsa 5 ne. A ƙaddara wani kuma maƙalu uku kawai ya rubuta, amma an ambaci kowacce sau 300; ma'auninsa 3 ne, alhali shi ne ya girgiza fannin. Ma'aunin h kuma ba ya raguwa ko malami ya ajiye alƙalami, kuma yana fifita dattijo a kan matashi saboda tsawon shekaru kawai.

6.0 Rabe-raben Ambato

Ba kowane ambato ne yake ɗauke da nauyi ɗaya ba, kuma muna iya raba shi gida biyar. Akwai ambaton dogaro, inda sabon bincike ya tsaya da ƙafarsa a kan tsohon. Akwai ambaton hanya, inda aka ari tambayoyin wani ko dabararsa ta awo. Akwai ambaton raddi, inda aka kawo aiki domin a nuna kuskurensa. Akwai ambaton gaisuwa, inda ake jera sunayen manya a gabatarwa ko da ba a karanta su ba. Akwai kuma ambaton kai, ko na abokai da suka yi alkawarin ambaton juna. Kwamfuta tana ba kowane ɗaya daga cikin biyar ɗin nan maki ɗaya. Tiyar da ake auna hatsi da ita a kasuwar Tanut haka take: tana cika da gero mai kyau, tana kuma cika da wanda aka gauraya da tsakuwa da ƙaiƙayi, shi ya sa mai saye yake tsoma hannu cikin buhu kafin a fara awo. Malamanmu na da sun san wannan bambanci sarai. A ilimin hadisi ba a tsaya ga yawan masu ruwaya ba sai an bincika adalci da kiyayewar kowane mutum a cikin isnadi, kuma da Shehu Abdullahi ɗan Fodiyo ya tashi bayyana iliminsa a littafinsa Ida'un Nusukhi, malaman da ya ɗauka daga gare su ya lissafa, da abin da ya karanta a wurin kowanne.

Bayan wannan akwai karkata iri uku da ke cikin ƙirgar kanta. Ta farko ita ce wadda Robert Merton ya bayyana a 1968, cewa wanda ya riga ya yi suna shi ake ƙara ambata, ko da wani ya riga shi faɗin maganar. Ta biyu ita ce ta harshe, domin manyan rumbunan sun fi cika da mujallun Ingilishi, wanda ke rage wa mai rubutu da Faransanci ko Larabci ko Hausa rabonsa tun kafin a karanta shi. Ta uku ita ce ta girman fanni. Masu nazarin ɗabi'a a lissafin gudanarwa tsiraru ne idan aka gwada su da masu nazarin kasuwar hannun jari, kuma bincikensu yana buƙatar zama a wurin aiki na watanni, alhali wancan yana iya sauko da bayanansa daga kwamfuta a yini guda. Gwada lambobin mutum biyu daga waɗannan rassa zalunci ne ga ɗayansu.

7.0 Matsayin Ƙasar Damargu

Damargu tana tsakanin birnin Damagaram (Zinder) da Abzin, a kan hanyar Zinder zuwa Agadas, kuma tun ƙarni na 19 aka san ta da ciyar da Abzin da gero ta hannun ayarin Abzinawa. Kudancinta noma ne, arewacinta kiwo, kuma Belbeji ta zama gunduma mai cin gashin kanta a 2011 bayan an cire ta daga Tanut. A wannan ƙasa muna iya ƙirga fage huɗu da lissafin gudanarwa yake gudana kullum. Na farko shi ne babbar masana'anta: matatar man fetur ta SORAZ tana cikin ƙaramar hukumar Ollelewa ta gundumar Tanut, an buɗe ta a watan Nuwamba na 2011 da ƙarfin tace ganga 20,000 a rana, kamfanin CNPC na ƙasar Sin yana da kashi 60 cikin 100, gwamnatin Nijar tana da 40. Wuri ne da ma'aikata masu harsuna da al'adun aiki daban-daban suke aiki a ƙarƙashin kasafi ɗaya, irin fagen da Hofstede da Hopwood suka yi bincikensu a ciki. Na biyu shi ne ƙananan hukumomi, waɗanda suka fara samun zaɓaɓɓun majalisu a 2004 kafin a rushe majalisun a 2024, suke tsara kasafinsu, suke tura masu karɓar haraji kasuwanni irin su Bakin Birji da adadin da ake jiran su kawo.

Fage na uku shi ne bankunan cimaka na ƙauyuka, inda kwamiti yake sayen hatsi da kaka ya ajiye, ya sayar wa jama'a da rahusa idan rumbuna sun ƙare kafin sabon amfani ya nuna. An daɗe da sanin cewa da yawa daga irin waɗannan bankuna a ƙasashen Sahel sun durƙushe saboda bashin da ba a biya ba da zaizayewar jari. Tambayoyin da ke nan na ɗabi'a ne tsantsa. Ma'aji maƙwabcin mai bashi ne, wataƙila ma surukinsa. Me yake rubutawa a littafi idan kunya ta hana shi matsa masa? Idan masu ba da tallafi suna auna kwamiti da yawan buhunan da ke sito a ƙarshen shekara, shin hakan ba zai sa a hana mabuƙaci hatsi a lokacin da aka kafa bankin dominsa ba? Fage na huɗu shi ne fatauci da kiwo, inda ubangida yake ba yaronsa jari ya tura shi kasuwa, dillali yake tsaya wa baƙo, makiyayi yake riƙe dabbar wani amana. A nan awo yana gudana da baki da shaida da sanin asali, kuma hukuncin wanda ya ci amana shi ne a daina ba shi kaya.

Ba a rasa rubutu a kan waɗannan al'amura ba. André Salifou, wanda jami'ar Zinder take ɗauke da sunansa a yau, ya wallafa tarihin sarautar Damagaram ta ƙarni na 19 a 1971. Stephen Baier ya fitar da tarihin tattalin arzikin tsakiyar Nijar a 1980, inda Damargu da fataucinta suka sami babban gurbi. Abner Cohen a 1969 ya nuna yadda masu gida na Sabon Ibadan suke tafiyar da cinikin shanu da goro a kan bashi da amana, Emmanuel Grégoire kuma a 1986 ya bayyana dangantakar ubangida da bara a tsakanin Alhazan Maradi. Cibiyar LASDEL ta Yamai, wadda aka kafa a 2001, ta zurfafa bincike a kan tazarar da ke tsakanin dokar da ke rubuce da ƙa'idar da ma'aikata suke bi a aikace. Duk waɗannan ayyuka suna magana ne a kan yadda ake sa mutum ya riƙe dukiyar wani da gaskiya, wadda ita ce tambayar lissafin gudanarwa, amma an jera su a ƙarƙashin tarihi da nazarin al'umma, don haka ambatonsu ba ya kwarara zuwa mujallun akanta. Trevor Hopper da abokan aikinsa, a bitar da suka yi a 2009 ta binciken lissafin gudanarwa a ƙasashe masu tasowa, sun nuna cewa an fi mayar da hankali ga kamfanonin gwamnati da waɗanda aka sayar wa 'yan kasuwa, kuma ana buƙatar ƙari a kan ƙananan sana'o'i da noma da ƙungiyoyi masu zaman kansu. Ke nan giɓin da fannin yake kuka da shi, shi ne abin da Damargu take da shi a yalwace.

8.0 Salo Uku na Karanta Jerin Wallafa

Yanzu sai mu mayar da salon Hopwood guda uku kan malamin da ya zaɓi yin irin wannan bincike. Idan jami'arsa ta bi salon ɗaure wa lamba gindi, ta ce maƙala kaza a rumbu kaza ko babu ƙarin girma, sakamakon da fannin ya hango shi zai biyo baya. Za a yanyanka bincike ɗaya ya zama maƙalu huɗu. Za a sa sunan wanda bai yi aikin ba domin shi ma ya rama wata rana. Za a biya mujallun bogi, waɗanda suke karɓar kuɗi su buga ba tare da tantancewa ba. Mafi muni kuma, za a guji tambaya mai wuya: maimakon a tafi Gangara ko Tarka a zauna da kwamitin bankin cimaka tsawon kaka da bazara, sai a raba takardun tambayoyi da aka kwafo daga binciken Amurka a tattara cikin mako biyu. Hopwood da kansa ya koka a 2007 cewa binciken akanta ya zama mai tsoron sabon abu, ya yi nisa da masu aikin, saboda matsin neman matsayi. Salo na uku, na watsi da lamba ɗungurungum, shi ma yana da haɗarinsa, domin inda babu wata shaida da kowa zai iya dubawa, sanayya da ɓangaranci ne suke yanke hukunci. Lamba, duk da naƙasunta, takan kare matashin da ba shi da kowa a majalisar jami'a.

Salo na biyu shi ne abin da hankali ya fi kwanciya da shi, kuma duniyar ilimi ta fara komawa gare shi. Sanarwar San Francisco ta 2012 ta nemi a daina auna maƙala da ma'aunin mujallar da ta fito a ciki. Ƙa'idoji goma na Leiden, na 2015, sun ce lamba ta kasance mai taimaka wa hukuncin masana, kuma a kare binciken da amfaninsa na gida ne. Mu ma muna da tubalin ginin a hannu. Hukumar CAMES, wadda aka kafa a Yamai a 1968 kuma hedikwatarta take Wagadugu, tana da kwamitocin da ke karanta ayyukan malami kafin a sa shi a jerin cancanta, kuma a fannin gudanarwa da tattalin arziki da shari'a tana shirya gasar da ɗan takara yake kare ayyukansa ya kuma gabatar da darasi a gaban alƙalai. A jami'o'in Nijeriya ma ana aika ayyukan mai neman kujerar farfesa ga masana na waje su karanta. Abin da ya rage shi ne kada lamba ta cinye wannan karatu. Mai tantancewa ya nemi malami ya zaɓo ayyukansa uku ko biyar da ya fi alfahari da su, ya karanta su, ya duba nau'in ambaton da suka samu, ya gwada shi da takwarorinsa na reshe ɗaya da harshe ɗaya, sannan ya tambayi abin da aikin ya gyara a wurin da aka yi shi.

9.0 Kammalawa

Mun ga cewa jerin wallafa ya ƙunshi nau'o'i biyar masu manufa daban-daban, cewa ambato ma iri biyar ne da ƙirga ba ta rarrabewa, kuma cewa rumbu da harshe da girman fanni suna karkatar da lambar tun kafin ta iso teburin masu hukunci. Mun ga kuma cewa tun daga Argyris har zuwa Otley, fannin ya tanadi ilimin da ake buƙata domin a yi amfani da lambar ba tare da ta ɓata mai aikin ba. Nauyi ya rataya a wuya uku. Jami'o'in Zinder da Tawa da Yamai, da takwarorinsu na Kano da Zariya, su ba rahoton da ya gyara aikin wata ƙungiyar manoma gurbi a cikin ma'aunansu. Masu mujallun gida su tsananta tantancewa, su sa maƙalunsu a intanet, a dandali irin su AJOL da ke tattara mujallun Afirka tun 1998, domin aikin da ba a gani ba ba a ambatonsa. Matasan masu bincike kuwa su karanta Baier da Grégoire tare da Hopwood, su ɗauki littafin ma'ajin bankin cimaka da muhimmancin da ake ba kasafin babban kamfani, su kuma rubuta sakamakon sau biyu: da harshen mujalla domin takwarorinsu, da Hausa domin kwamitin da ya buɗe musu littattafansa.